Biri mai farin wuya da ƙwaron tsamiya: Halittu biyu da ke ƙarewa tare da dajin Kudu maso Yamma

Duk wanda ya saba bin gadar Third Mainland a Legas ya san gumaguman itatuwa da aka riƙa ɗaurewa jere-jere a kan ruwa daura da Ebute Metta. Nan ne Oko Baba, wurin da ya shafe shekaru masu yawa a matsayin babbar cibiyar yanka katako ta birnin. Ta ruwa aka riƙa janyo gumaguman daga dazuzzukan jihohi irin su Ondo, Edo da Delta, a tsaga su, su zama rufin ɗaki da ƙofa da benci a Agege da Idi-Araba da sauran unguwanni. Gwamnatin Jihar Legas ta daɗe da tsara mayar da masu wannan sana'a zuwa Agbowa-Ikosi, sai dai sauya wa injin yanka mazauni ba ya sauya dajin da itacen ke fitowa.

A cikin wannan daji akwai halittu biyu da makomarsu ke rataye da itatuwan da ake sarewa. Ɗaya biri ne mai farin gashi a wuya, wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai a kudancin Najeriya da wasu 'yan guntayen dazuzzuka a Jamhuriyar Benin da Togo. Ɗayan kuma ƙwaro ne dangin faɗa-wuta, wato irin malam-buɗe-littafin nan da ke yawo da dare, wanda tsutsarsa ke saƙa zaren da Hausawa ke kira tsamiya, Yarbawa kuma ke kira sanyan. Dukansu biyu suna raguwa. Amma birin yana da suna a kundin duniya, akwai doka da gandun daji da aka keɓe dominsa, shi kuwa ƙwaron raguwarsa ta fi fitowa fili a hannun masaƙa da maɗinka.

Birin da ba ya son a gan shi

Masana na kiran birin Cercopithecus erythrogaster. Masanin dabbobi ɗan Ingila John Edward Gray ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1866. Ƙaramin biri ne, babban namiji bai cika wuce kilo 4 da ɗoriya ba, macen kuma ba ta kai haka. Fuskarsa baƙa ce, bayansa toka-toka da ɗan ja, sannan ga farin gashi ya kewaye maƙogwaro kamar amawali. Iri biyu ne. Na Benin da Togo cikinsa ja ne, kuma sanannen mazauninsa shi ne dajin Lama a kudancin Benin. Na Najeriya, wanda ake kira pococki, galibi cikinsa ruwan toka ne, ana samunsa daga dazuzzukan ƙasar Yarbawa zuwa Edo har yankin Neja Delta.

Bai kamata a haɗa shi da jan biri da manoman Arewa suka sani a gonar dawa da gyaɗa ba, wanda ke gudu a ƙasa a filin Allah. Haka kuma ba shi ba ne birin da masu yawon buɗe ido ke gani a Cibiyar Kare Muhalli ta Lekki, wadda Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF, ta buɗe a 1990. Wancan shi ne birin mona, mai sabo da mutane har yakan fizge musu abinci. Mai farin wuya biri ne mai tsananin kunya. Yana rayuwa a cikin sarƙaƙiyar rassa da kuranga, a garke-garke, yana cin 'ya'yan itatuwa da ƙwari da ganye. Kamar sauran danginsa, yana da aljihu a kumatu inda yake cusa 'ya'yan itace ya tafi da su wani wuri ya ci. Ta haka yake yaɗa iri nesa da uwar bishiya, aikin da daji ke dogara da shi wajen sabunta kansa.

An shafe fiye da shekara 100 ana saninsa sama-sama kawai. Sai a farkon shekarun 1980 masanin birai John Oates ya yi bincike a dazuzzukan Kudu maso Yamma, ya wallafa cikakken bayani a kansa a 1985. Irin wannan bincike na cikin abin da ya sa aka keɓe wani sashe na dajin Okomu, a Jihar Edo ta yanzu, ya zama mafakar namun daji a tsakiyar shekarun 1980, daga baya a 1999 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 200. Ana kuma samun birin a dajin Omo da ke Jihar Ogun, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren da ta ba kulawa ta musamman tun 1977.

Duk da haka, Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta sanya shi cikin rukunin dabbobin da ke fuskantar haɗarin ƙarewa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Okomu ya zama kamar tsibiri a tsakiyar gonakin kwakwar manja da roba. A Omo kuwa masu noman koko suna ta kutsawa ciki, ga masu sare itace ba bisa ƙa'ida ba. Sai kuma farauta, domin naman daji na da kasuwa a Kudu, ciki har da kasuwar Oluwo da ke Epe a Jihar Legas. Biri irin wannan ɗa ɗaya yake haifa bayan cikin wata biyar zuwa shida, kuma sai ya shekara da dama kafin ya isa haihuwa. Idan maharbi ya kashe uwa mai goyo, ya kashe biyu, garken kuma zai daɗe bai mayar da gurbinsu ba.

Tsutsar da ke saƙa gida ɗaya

Labarin ƙwaron ya fi kusa da Bahaushe fiye da yadda mutane da yawa ke zato. Masana na kiran danginsa Anaphe. Babban ƙwaron fari ne mai ɗan rawaya, da zane-zanen ruwan ƙasa a fukafukai, kuma kwanakinsa kaɗan ne a duniya. Aikinsa ya yi barbara ya saka ƙwai. Mace ɗaya kan saka ƙwai ɗaruruwa a bayan ganye. Tsutsotsin da ke fitowa masu gashi ne, irin wanda ake kira gizaka, kuma gashin na sa ƙaiƙayi. Ba sa rabuwa da juna. Tare suke cin ganye, tare suke tafiya a layi ɗaya, kan wannan a wutsiyar wancan. Idan lokacin sauya halitta ya zo, sai su taru su saƙa babban gida guda kamar jaka a jikin reshe ko gindin itace, sannan kowace ta saƙa nata ɗan ƙaramin ɗaki a ciki. Gida ɗaya kan ƙunshi ɗaruruwan irin waɗannan ɗakuna.

Wannan gida shi ne tsamiya. Sunan ya samo asali daga itaciyar tsamiya, ɗaya daga cikin itatuwan da ake tsintar gidan a jikinsu a Arewa, tare da doka. Mata kan dafa shi a ruwan toka har danƙon da ke riƙe da shi ya saki, a wanke, a shanya, a shiɓe shi kamar auduga, sannan a kaɗa da mazari. Zaren da ke fitowa ba shi da ƙyalli irin na silikin Sin, launinsa daga fari-fari zuwa ruwan ƙasa, amma yana da ƙarko. Da shi maɗinkan Zariya da Kano da Bida suka yi suna wajen aikin babbar riga, irin su aska biyu da aska takwas, kuma rigar tsamiya ta kasance tufar sarakuna da attajirai. A ƙasar Yarbawa kuwa, sanyan na ɗaya daga cikin manyan nau'o'in aso oke guda uku, tare da etu da alaari, kuma garin Iseyin a Jihar Oyo ya shahara da saƙa su. Wani abin sha'awa a nan shi ne alaari ba komai ba ne illa alharini, jan silikin da fatake suka riƙa ƙetarowa da shi Sahara zuwa Kano kafin ya gangara Kudu. Ita ma tsamiyar, fataken Hausawa sun riƙa kai ta ga masaƙan Yarbawa.

Ba ƙwaro iri ɗaya ke ba da zaren ba. Wanda ya fi yawa a Arewa, mai zare mai haske, an sa masa suna moloneyi a 1887 don girmama Alfred Moloney, gwamnan Legas daga 1886 zuwa 1891. A wannan shekara ta 1887 Moloney ya kafa lambun gwajin tsirrai a Ebute Metta, kuma ya wallafa littafi kan dazuzzukan Afirka ta Yamma inda ya ja hankali ga illar sare itatuwa barkatai. Wato unguwar da aka fara gwajin dashen itatuwa a Legas ita ce daga baya ta zama wurin da aka fi tsaga su.

Wanda ke maƙwabtaka da birin a dajin Kudu shi ne Anaphe venata, kuma abincin tsutsarsa ganyen itacen obeche ne, wanda Yarbawa ke kira arere. Obeche doguwar bishiya ce, takan kai mita 40 ko fiye, katakonta fari ne, marar nauyi, mai sauƙin aiki. Wannan ya sa ta kasance cikin itatuwan da aka fi sarewa a Afirka ta Yamma tun zamanin mulkin mallaka. Ga shi kuma ba kowace shekara take ba da iri ba, abin da ya daɗe yana wahalar da masu son dasa ta da yawa. Biri na iya sauya bishiya idan wadda yake ci ta ƙare, domin abincinsa iri-iri ne. Tsutsar ba ta da wannan dama. Inda obeche ta ƙare, ita ma ta ƙare.

Akwai kuma matsin lamba ta wani ɓangaren: ana cin tsutsar. A yankin Ijesha da kewaye, mutane kan tattara ta da damina su gasa ko su sa a miya, kuma tana da sinadarin gina jiki mai yawa. Hakan ya taɓa haifar da wata matsala da ta ɗaure wa likitoci kai. Tun daga ƙarshen shekarun 1950 aka riƙa ganin wata cuta a yankin Ilesha wadda ke zuwa da damina, mutum ya kama karkarwa, ya kasa tsayuwa, harshensa ya yi nauyi, jim kaɗan bayan cin abinci. A 1993 likitan ƙwaƙwalwa Bola Adamolekun na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya danganta cutar da cin wannan tsutsa, kuma a shekarar 2000 wani bincike da masana daga Japan suka shiga ya tabbatar da cewa tana ɗauke da wani sinadari da ke lalata bitamin B1, wanda zafin girki ba ya saurin kashe shi. Cutar ta fi kama waɗanda abincinsu dama ba shi da isasshen wannan bitamin, kuma ba su shi kan sa su warware.

Su kuwa jami'an gandun daji, da dama daga cikinsu sun fara sanin ƙwaron ne a matsayin maɓarnaci, tunda tsutsotsin na iya cinye ganyen obeche ƙaƙaf. Saboda haka halitta ɗaya ce, amma wurin masaƙi dukiya ce, wurin mai girki nama ce, wurin likita sanadin cuta, wurin mai dashen itace kuma annoba. Zai yi wuya a sami mai tsaya mata a cikin irin wannan saɓani.

Wa ke ƙirga wa?

Babban bambancin halittun biyu yana wajen ƙidaya. IUCN, wadda aka kafa a 1948, ta fara fitar da kundinta na halittun da ke cikin haɗari a 1964. Kusan kowane nau'in biri da aka sani an tantance matsayinsa a wannan kundi. Ƙwari kuwa, waɗanda aka bayyana nau'o'insu sun kai kimanin miliyan ɗaya, amma waɗanda aka tantance ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Dangin malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta kaɗai sun haura nau'i 150,000, kuma kusan tara cikin goma na dare ne, waɗanda ba kowa ke kula da su ba.

A gida ma haka abin yake. Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka kafa a 1985 aka kuma yi wa gyara a 2016, ta zo ne don cika alƙawarin da Najeriya ta ɗauka a yarjejeniyar CITES kan fataucin namun daji. Jadawalin da ta fito da shi a 1985 ya mayar da hankali ne kan dabbobi masu shayarwa, da tsuntsaye, da masu jan ciki irin su kada da mesa. Birai na ciki. Mai gadin daji na iya kama wanda ya harbi biri, amma wanda ya sare bishiyar obeche ta ƙarshe a wani yanki da takardar izini a hannu bai karya dokar kare dabbobi ba, ko da ya shafe zuriyar ƙwaron da ke wurin.

To ta yaya aka san ƙwaron na raguwa? Daga kasuwa. Sanyan na asali ya yi wuya ƙwarai, kuma mafi yawan abin da ake sayarwa da wannan suna a yau auduga ce ko zaren masana'anta da aka rina ya yi kama da launinsa. Aikin babbar riga ma ya koma ga zaren kanti. Gaskiya ne ba ƙarancin ƙwaron kaɗai ya jawo haka ba. Zaren kanti ya fi araha, matan da suka iya kaɗi sun tsufa, 'ya'yansu kuma ba su gaje su ba. To amma a nan hatsarin yake. Muddin masaƙi na neman tsamiya, akwai mai shiga daji nemo ta, akwai kuma wanda zai lura idan ta yi ƙaranci. Da zarar an daina nema, ƙwaron zai iya ɓacewa daga yanki guda ba tare da kowa ya ankara ba. A Arewa, inda ake sare tsamiya da doka don itacen girki da gawayi, wannan ba zance ba ne na nesa.

Agege kanta misali ce ta yadda daji ke tafiya. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 ne manoma irin su J. K. Coker suka buɗe manyan gonakin koko da goro a yankin Agege da Ifako, jirgin ƙasa ya ratsa ta nan, cinikin goro ya jawo Hausawa suka kafa zango. Daji ya zama gona, gona ta zama gari. Abin da ya faru a Agege shekara ɗari da suka wuce shi ne ke faruwa yanzu a gefen Omo.

Wanne ya fi sauƙin ceto?

A ganin wannan marubuci, wanda aka fi mantawa da shi shi ne ya fi sauƙin farfaɗowa. Birin na buƙatar daji mai faɗi, wanda rassansa ke haɗe da juna, da masu gadi da za a biya albashi shekara da shekaru, da kuma haƙurin al'ummomin da aka hana farauta da noma a ƙasar kakanninsu. Aiki ne mai tsada, kuma idan garke ya keɓe a ɗan guntun daji, ko ba a harbe shi ba yana iya ƙarewa a hankali. Ana iya cewa al'ada na taimakawa wani lokaci: a garuruwan Akpugoeze a Jihar Enugu da Lagwa a Jihar Imo, wani ɗan'uwan wannan biri, mai suna birin Sclater, ya tsira ne saboda mutanen wurin sun haramta wa kansu kashe shi. Amma irin waɗannan garuruwa ƙalilan ne.

Ƙwaron kuwa bishiya yake buƙata, ko a gefen gona take, sai kuma a bar shi ya kammala zagayen rayuwarsa. A nan yana da wata fa'ida da tsutsar silikin Sin ba ta da ita. A can dole a kashe tsutsar tana cikin gidanta da tururi ko ruwan zafi, domin idan ƙwaron ya huda ya fita, zaren da ake warwarowa ya tsinke. Tsamiya kuwa ba warware ta ake yi ba, kaɗa ta ake yi, don haka gidan da ƙwarin suka riga suka fice yana da amfani. Mai tsinta da ya jira suka tashi zai sami zarensa, ya kuma bar irin baɗi. Wanda ya yi gaggawa ya ciro gidan da tsutsotsi a ciki ya hallaka ɗaruruwa a lokaci guda.

An gwada wannan a Kenya. Cibiyar binciken ƙwari ta ICIPE da ke Nairobi ta yi aiki da manoman da ke kewayen dajin Kakamega a kan wani ɗan'uwan ƙwaron, Anaphe panda, wanda ke cin ganyen wata bishiya dangin kirni. An koya musu rufe rassan da ke ɗauke da tsutsotsi da raga, don kare su daga tsuntsaye da sauran ƙwarin da ke cinsu, abin da ya sa waɗanda ke kai wa ga saƙa gida suka ƙaru. Manufar ita ce manomi ya ga kuɗi a bishiyar da ke tsaye, ya rage shiga daji da gatari.

Najeriya na da abin da Kenya ba ta da shi a wannan fanni, wato masu saye da suka san darajar zaren tun kaka da kakanni, daga fadojin Arewa zuwa gidajen biki na Ibadan da Legas. Tana kuma da Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Najeriya da ke Ibadan, wadda masananta suka yi nazari kan obeche da kuma tsutsar da ke cin ganyenta. Obechen da aka bari a tsaye a bakin Omo ko Okomu domin tsamiya, reshenta ne kuma birin zai taka ya ƙetara zuwa wani sashen daji.